Ranar da Inna ta ambaci sunan ɗan farinta

Jama'a, na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma abin da zan faɗa yau ya fi shekara arba'in ina riƙe da shi. Jikata ce ta haihu, na ga ƙafarta ta ɗan tasa, hankalina ya tashi. An duba ta, lafiya lau. Ni ce dai abin ya dawo mini sabo.

A farkon shekarun tamanin ne, muna wani ƙauye kusa da Dayi. Na yi haihuwata ta shida, mace.

Inna, uwar mijina, ita ke yi mini wankan jego. Tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa cike da ƙwarya, sannan in kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Haka aka yi wa kowace mace a garinmu.

Kafin arba'in ƙafafuna suka kumbura. In na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Daga ɗaki zuwa madafa sai na tsaya ina haki kamar wadda ta yi surfe. Kwanciya ta gagare ni, a zaune nake barci, jingine da bango.

Aka ce sanyi ne ya shige ni. Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa.

Ranar da na yi tari na ga jini, Malam, maigidana, ya tare motar auduga aka kai ni asibiti a Malumfashi.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Likita ya ce zuciyata ce ta kumbura, ta gaji. Kullum allura mai sa fitsari, kullum da safe a ɗora ni a sikeli. Ba gishiri, ba kanwa, miya lami. Awakina biyu a magani da kuɗin mota suka tafi.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Matar da ke gadon kusa da ni irin ciwona ne da ita, wata safiya na ga ana naɗe tabarmarta.

Inna ce ta yi jinyata, da jaririyar a bayanta. Da aka gaya mata kanwa da zafin nan sun ƙara wa ciwon ƙarfi, ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "Ashe da hannuna nake ba ta." Tsohuwa ce mai taurin kai, amma in ta ga gaskiya ba ta kewaye ta.

Da za a sallame ni, wata nas mai suna Laraba ta zaunar da mu, ni da Inna. Ta ce, "Likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ke. Akwai allurar hana ɗaukar ciki da ake yi duk wata uku. Amma sai mijinki ya zo da kansa ya ce ya yarda."

Jiki nawa, zuciya tawa, amma bakina bai isa ba. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Malam ya ƙi. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce haihuwa ta Allah ce, gandu na neman hannuwa, kuma in labari ya fita ƙannensa za su ce mace ce ke juya shi. Na roƙa, na yi kuka, na yi fushi na daina gaishe shi. Duk a banza.

A lokacinmu mai goyo ba ta komawa shimfiɗar miji sai ta yaye. Saboda haka goyon nan shi ne katangata. 'Yata ta fara rarrafe, ta fara tafiya, kowa na murna, ni gabana na faɗuwa.

To, Malam ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. "Wancan" take cewa, in tana da magana sai ta aika. Ko a tsakar gida suka haɗu, kau da kai take yi. Kunyar ɗan fari ke nan, ku yaran yanzu ba ku san nauyinta ba.

Ranar yaye ta zo, Inna ta zo ɗaukar yarinya kamar yadda aka saba. Ta goya ta, ta nufi zaure, inda Malam ke zaune da ƙannensa bayan karin kumallo. Ina bayan zana ina ji.

Ta ce, "Idi."

Sunan Malam ke nan. Ni ma yau na fara rubuta sunan nan.

Ta ce, "Idi, ni na yi wa yarinyar nan wankan jego, ni na kwana da ita a asibiti. Ba zan yi mata wankan gawa ba. Tashi ka kai ta."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

A ranar muka je Malumfashi. Ya gaya wa Laraba ya yarda, idonsa a ƙasa. Daga baya ma shi ke tuna mini in lokaci ya yi, sai ya ce, "Ba ki da sayayya a Malumfashi ne?" Wai shi a dole kada a gane.

Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake ambatar sunan ba.

Na rayu. Na aurar da 'ya'yana duka shida da hannuna. Na gode wa Allah, na gode wa Laraba in tana raye, na gode wa Malam da bai tsallake maganar uwarsa ba. Inna, Allah ya sa Aljanna ce makomarki.

Mata, in kun haihu kuka ga kumburi da haki, ko kwanciya ta gagara, ku tafi asibiti, kada a ce sanyi ne. Ku rage kanwa da gishiri. In likita ya ce a huta da haihuwa, ku je da miji ya ji da kunnensa.

Maza, in an gaya muku ran matarku ne a kai, ku tashi ku kai ta da kanku. Ba kowace mace ke da Inna a gida ba.