Surin Kakata

Jiya na ɗauko littafina na ajin manya, na tarar gara ta cinye rabinsa. 'Yata ta ce bari ta kawo fiya-fiya. Na ce ta ajiye abinta. Na taɓa kashe gara sau ɗaya, har yau abin bai sake ni ba.

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, mace ba ta gadon gona. Amma kakata tana da suri, wani jan tudun gara a bakin gonar citta, kowa ya san nata ne. Takan zuba masa dusar acca don kada garar ta nufi rumbu. Idan ruwan fari ya sauka, shinge, garar nan mai fiffike, ya yi ta fitowa da sassafe, mu tara a ƙwarya, ta soya da gishiri kawai. Ƙamshin nan har coci yake bin zannuwanmu. Sauran ta shanya ta kai kasuwa. Shi ne sabulunta, shi ne baikon da take sakawa a coci ran Lahadi.

Ita ta nuna mini inda uwar gara take kwance, ta ja mini kunne: "Ko babanki kada ya ji."

Shekarar da babana ya yi rufin kwano, gara ta hau katako. Ya tara maza da diga, suka yini suna haƙa surin Kaka, ba su sami uwar ba. Ni kuwa, 'yar shekara tara mai son a ce ta sani, na ce, "Baba, ta gefen ɗorawa take." Ku ji da kyau: ba wanda ya tambaye ni.

Suka fito da ita, fara, jibgegiya, tana motsi. Aka jefa wa kaji. Kaka ta dawo daga taron zumuntar mata na coci, ta tsaya a bakin ramin. Da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Sannu da aiki, jikata."

Damina ta zagayo, ta fita da ƙwarya, ta dawo da ita wayam. Ranar Lahadi kwanon baiko ya wuce ta gabanta, ta sunkuyar da kai. Daga baya ma ta daina zuwa. Katakon kuwa, garar wani surin ta cinye shi.

Yau wurin duk gidajen siminti ne, jikokina ba su san ɗanɗanon shinge ba. Ni dai da safen nan na ɗebi dusa, na zuba a bayan ɗakina.