Karen Sarkin Baka da ya daina hawaye

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar 'Yankara da aka kawo mini kare ba. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati ta raba mana sababbin babura, ni kuwa malamin dabbobi ne ƙarami, wato mataimakin likita. Aikina allurar shanu daga Faskari zuwa Sabuwa. Kare kam ko a mafarki ban taɓa duba shi ba.

Ina cikin haɗa kaya sai ga Baba Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, janye da wani jan kare mai suna Ɗanja. Idanun karen sun yi jawur, kwantsa ta manne su kamar kunun da ya kwana. Mutane suka dare, wani mahauci har da tsokanata wai an yi mini ƙarin girma. Raina ya sosu, amma idon ya ɗaure mini kai. Ciwon ido da na sani ruwa yake zubarwa, wannan kuwa a bushe yake ƙayau.

Tsohon ya ce shekara bakwai suna shiga daji tare, yanzu karen kututture yake karo da shi.

"Malam, mu ba mu barin kare ya makance a wulaƙance. In kasuwa ta zagayo sau biyu bai ga hanya ba, ni da hannuna zan kai shi daji in hutasshe shi da kibiya."

Na tambaye shi me ya sa masa a ido. Ya rantse ko tozali bai sa ba.

Washegari na tafi Ƙanƙara wurin likitanmu, dattijo mai ƙarancin magana. Ya yanko takardar shan tawada siririya, ya ce in lanƙwasa bakinta in saƙala a fatar idon ta ƙasa minti ɗaya, in ga iya inda ta jiƙe. Ya ba ni man ido, ya ce a riƙa wanke idon da tafasasshen ruwa da ya huce, a shafa man sau huɗu a yini. Har na hau babur ya ƙara da cewa in zauna in ga yadda karen ke cin abinci. Na ce a raina, ina ruwan ido da tuwo?

Na je gidan tsohon. Takarda ta fito kusan yadda ta shiga. Na gwada a wata karyarsa mai lafiya, ta jiƙe sharkaf. Ashe hawaye ne suka ƙafe! Sai na nemi inuwa na zauna, kamar yadda aka ce. Can tsohon ya ɗebo tuwon dawa, ya ciro wata farar ƙwaya daga aljihu, ya cusa cikin loma ya miƙa wa Ɗanja.

Ƙwayar zawon maruƙa ce, irin wadda 'yan tebur suka cika kasuwanni da ita a wancan zamanin. Wata biyu ke nan yana ba shi kullum, tun wani zawo da ya yi, don ya ga ta yi masa rana. Na ce me ya hana ya faɗa mini.

"Ai ta ido ka tambaye ni. Wagga ta ciki ce."

Gaskiyarsa. Likita ya tabbatar mini irin wannan ƙwaya tana ƙafar da hawayen kare idan aka daɗe ana ba shi. Na koma na gaya wa tsohon, ya kasa kallona. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don da ƙauna ya yi ɓarnar.

Aka daina ƙwaya, aka dage da wanki da mai. Kasuwar farko babu wani canji. Ta biyu ya zo rataye da bakansa, na gane inda zai zarce. Na saƙala takarda a kowane ido. Ta hagu ba ta ce komai ba. Ta dama kuwa danshi ya hau ta a hankali, kamar faɗin farce. Na nuna masa. Ya karɓa ya shafa da yatsa, ya sauke bakan, ya zauna a ƙasa gaban jama'a yana share nasa idon da hannun riga.

Idon hagu bai dawo ba, mai aka yi ta shafa masa har ƙarshen ransa, amma da na dama ya ƙara farauta uku. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani, mai dabba ba ya ɓoye maka komai, abin da ka tambaya shi zai amsa. Tun daga Ɗanja ban sake duba dabba ba sai na ce wa mai ita ya juye mini aljihunsa.