Sunayen da Muka Yanke a Waƙar Baba Sallau

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin kamfanin kaset, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata ranar kasuwar Wara, shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi. Ku da kuke sana'ar tura waƙa a waya kun sha tambayata yadda aikinmu yake a da. To ku gyara zama.

A lokacin ni ne wakilin wani kamfani na Kano a ƙasar Yauri, tun daga Shanga har Ngaski. Ina da ɗan shago a Yelwa, ni kaɗai a ciki, iyalina suna Kano. Aikin wakili shi ne ya sayar da kaset, ya kuma nemo sabbin mawaƙa. In ka ji mawaƙi ya yi maka, sai ka ɗauki muryarsa da ƙaramar rakoda a inda yake wasa. Wannan shi muke kira gwaji. Ka kai wa manaja ya saurara. In ya amince, a kira mawaƙin Kano a sake ɗauka a ɗakin da ba hayaniya, a yi kwali da hotonsa, a buga tambarin kamfani, a liƙe da leda. Gwajin kuwa, dokar kamfani ta ce wakili ya goge shi. Akwai kuma aikin da ba a rubuta ba, wato kai ƙarar masu kwafi. Shi ya sa 'yan kaset na Yelwa ba sa zama da ni. Ko teburin mai shayi na je, sai hira ta mutu.

A wani biki a bakin ruwa na haɗu da Baba Sallau, tsoho mai gurmi, mutumin tsibiran nan da ruwan dam ya cinye. Yana da waƙa guda mai tsawon gaske. A cikinta yakan bi tsofaffin tsibiran ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowane mai gida da ya zauna can kafin a tashe su. Wanda aka kira ubansa sai ya miƙe tsaye, mata su rangaɗa guɗa. A wurin mutanen nan, gidan da aka tsallake tamkar an ce ba shi da asali ne. Nan take na roƙe shi ya sake ta daga farko, na ɗauki gwaji.

Da manaja ya amince, na je na shaida wa tsohon. Ya dube ni ya ce, “Garba, in za ku ɗauka ku ɗauka duka. Ko mutum guda anka bari, ni ba ni iya shiga gari.” Na ce, “Baba, na yi maka alkawari.” Ni na kai shi Kano, ina zaune ya rera ta tun daga farko har ƙarshe, ya dangwala yatsa a takarda, muka dawo.

Bayan wata uku kaya suka iso. Ga hoton Baba da gurminsa, ga tambarinmu yana ƙyalli. A nan na tafka wautar da har yau nake jin kunyarta: ban saurara ba. Don tsabar son burgewa, na ƙudura sai a gaban jama'a zan yage ledar, su ga bambancin kayan kamfani da na 'yan kwafi.

Ranar kasuwa na shiga jirgin ruwa da kwali biyu da lasifika. Labari ya riga ni isa. Masunta sun bar komarsu, mata sun bar kwandunan kifi, an kewaye ni. Aka shimfiɗa wa Baba Sallau tabarma a gaba. Na ɗaga kaset sama, na yage leda, na saka.

Muryar ta fito tas, ba iska, ba kukan akuya. Aka yi tsibiri na farko, sunaye uku kacal. Na biyu, sunaye biyu. Mutanen da suka fara yunƙurin miƙewa suka koma suka zauna. Ashe a Kano an datse waƙar don ta shiga fuska ɗaya ta kaset, a ba wani mawaƙi ɗaya fuskar. Ta ƙare, ba wanda ya yi guɗa.

Wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, ana ce mata Inna Kulu, ta matso. Ba ni ta kalla ba, ba kuma tambarin ba. Baba Sallau ta duba ta ce, “Sallau, ina baban su Hajo? Shekara nawa kana kiran shi, yau da anka sa ka cikin akwati ka mance da shi?” Wani daga baya ya ce, “Ya kai mu birni ya yar.”

Na ce, “Inna, ba laifinsa ba ne, kamfani ne.” Ta ce, “Mi ne ne kamfani? Ni muryar wanga nij ji.”

Tsohon ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa ya bi bakin ruwa shi kaɗai. Ni ma haka na dawo Yelwa da kwalayena a cike.

Na tafi Kano takanas wurin manaja. Na ce, “Ranka ya daɗe, an kashe tsohon nan da ransa. Ko bikin suna an daina kiransa.” Manaja ya yi dariya ya ce, “Haba Garba, wa ya san waɗannan sunaye a Kano? Tambarinmu mutane ke saye. Ka koma ka goge gwajin nan, ka yi aikinka.”

Na koma, amma ban goge ba. Kwana tara ina zaune a shago, ba mai leƙowa ko don gaisuwa. A na goma na sa gwajin a aljihu na nufi rumfar Haruna mai kwafi, mutumin da ni da kaina na taɓa sa aka kwashe masa na'urori. Da ya gan ni sai ya miƙe, ya zaci wata fitinar ce. Na ajiye kaset ɗin na ce, “Ka buga wannan iya son ranka. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka yanke ko tari.” Ya ce, “In rubuta sunan wa a kai?” Na ce, “Sunan mai waƙar.”

Kafin wata ya zagayo, ba jirgin da zai tashi daga Yelwa ba a jin waƙar a ciki, da hayaniyarta da guɗarta. Aka ci gaba da kiran Baba Sallau biki. Labari ya kai Kano, manaja ya gane gwajin, takardar sallama ta iso ni a motar haya. Ban yi musu ba, na karya doka. Baba Sallau kuwa bai sake tako shagona ba har ya rasu. Ban sani ba ko ya san ni ne na fitar da gwajin, ni kuma kunya ta hana ni zuwa.

Ban ce kamfani banza ba ne. Shi ya gyara murya, shi ya kai mawaƙanmu garuruwan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, da shi na ciyar da 'ya'yana. Amma abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tambari mu ma'aikata ya dama. Mai sauraro kansa yake nema a cikin waƙa. In ya rasa, mawaƙi zai kama, don shi ya sani.

Bara ina cikin jirgi za ni ta'aziyya Ngaski, wata mata ta kunna waƙar a wayarta. Kafin gurmi ya fara, sai na ji wata murya ta ce, “Bismillah Baba, ta fara ɗauka.” Muryata ce, tun ina da sauran ƙarfi. Na tambaye ta wane kamfani ya buga wannan. Ta ce, “Kamfani kuma? Turo min aka yi, akwai sunan kakana a ciki.” Na ce, “Shi wannan da ya yi magana a farko fa?” Ta ce, “Oho, wani ne dai.” Na ce haka ne, na juya ina kallon ruwa har muka sauka.