Takardar Babu Haraji

Yayana malamin sikeli ne a rumfar wani kamfanin Turawa da ke sayen auduga da gyaɗa a Makarfi. Shekara goma sha tara ya yi a kan wannan sikeli. Duk ƙarshen wata ana yankar wani abu daga albashinsa a ajiye, kamfani ya ƙara nasa, da alkawarin in ya tsufa za a riƙa ba shi fansho kowane wata har ya mutu. Ni ban yi boko ba. Da jaki ɗaya na fara sayen dawa a ƙauyuka ina kaiwa kasuwar Hunkuyi, har na yi rumfar kaina.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba kamfanin ya ce zai rufe rumfunansa na ƙauye. Aka turo wani akawu daga Zariya da takardu. Ya ce hanya biyu ce: ko mutum ya koma Zariya ya cika shekara biyar da suka rage masa ya ci fansho, ko ya sa hannu yanzu a ba shi kuɗinsa a dunƙule. Ya ƙara da cewa wanda ya karɓa a dunƙule, babu haraji.

Wannan kalma ita ta ci Yaya. A wajenmu haraji abu ɗaya ne, kuɗin kai da mai unguwa ke bi gida-gida yana karɓa bayan kaka. Yaya yana yaro ya ga an zaunar da mahaifinmu cikin rana a ƙofar dagaci, daga hantsi har la'asar, saboda sule uku. Ni ina goye a lokacin. Shi bai taɓa mantawa ba.

Ranar kasuwa ya same ni a rumfa. Bayan mun gaisa ya ce zai sa hannu, daga yau sunansa ya fita daga littafin mai unguwa. Na ce masa ni abin da na sani, ba mai biyanka kafin lokaci sai in shi ne da riba. Ni ma in na sayi dawa tana tsaye a gona, ba don son manomi nake yi ba.

"Kai dillali ne," in ji shi. "Kowa kallon ɓarawo kake masa, don ka san kanka."

"Yaya, a kai takardar nan wani ya karanta mana."

"Wa zai karanta mini? Kai da ko sunanka sai da dangwale?"

Masu awo suka yi dariya, ni ma na yi. Gaskiyar magana, Turancin Yaya iyakarsa lambobi da sunayen buhu. Na sani, kuma na yi shiru. Ba girmamawa kaɗai ta rufe mini baki ba. Na yi tunanin in kuɗin suka zo, ai wani abu zai shigo cinikina. Wannan ban taɓa gaya masa ba.

Ya sa hannu. Kafin mako ya zagayo har Paki an san Yaya ya samu kuɗi. Dangin da ba mu gani ba tun rasuwar mahaifinmu suka fara zuwa gaisuwa, kowa da tasa larurar. Ya rufe ɗaki biyu da kwano, ya sayi keke da shanun huɗa. Ni ko sisi bai kawo mini ba.

Da kaka ta yi, mai unguwa ya yi sallama a ƙofarsa kamar kullum. Yaya ya ɗauko takarda ya sa babbar riga, muka tafi zauren dagaci. Malamin haraji ya karanta a hankali, ya ninke, ya miƙo masa.

"Malam, abin da aka rubuta shi ne, ranar da suka ba ka kuɗin ba su cire wa gwamnati komai a ciki ba. Kanka kuwa yana nan a littafi."

Harajin kansa ba wani abu ba ne, nan take ya biya. A hanyar gida ne ya tsaya ya tambaye ni, to fanshon fa? Washegari muka hau motar Zariya da abin da ya rage na kuɗin a ɗaure cikin ƙyalle, don mu mayar musu. Akawun ya bar mu a benci har azahar, sannan ya fito ya nuna mana sa hannun Yaya da yatsa, ya ce ai an yi masa bayani da Hausa.

Damina biyu kuɗin suka yi. Sa ɗaya ya mutu, aka sayar da ɗayan. Mutumin da bai riƙe fartanya ba shekara sha tara, noma bai karɓe shi ba. Wani abokin aikinsa da ya koma Zariya kuwa, bayan ya cika shekarunsa ya dawo gida, duk wata yakan bi ta gaban rumfata da kuɗin fanshonsa a aljihu, ya tsaya ya gaishe mu.

Na sa Yaya a kan sikelina, na yanka masa albashi, don kyauta ba zai karɓa daga hannun ƙane ba. Da idonsa ya fara rauni yana karanta nauyi ba daidai ba, na hana kowa gyara masa. Shekara ashirin da biyu daga gidana ake kai masa tuwo. Har ya rasu bai taɓa ci a gabana ba.