Layin Ƙarshe na Wasiƙar Malam Iro

Mun tashi da asuba daga Dutsin-Ma, mu uku: ni, da direbana, da mutumin da ya haɗa mana sabon tsarin saƙonni, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe yana aiki a garin. Kurfi muka nufa. Ba zan ɓoye ba, na fita ne da niyyar sauke Malam Iro daga shagona.

Injin ban-ruwa da kayan gyaransa nake sayarwa. Shago ɗaya a Dutsin-Ma don manoman rani na Zobe, ɗaya a Kurfi. Malam Iro ke riƙe da na Kurfi tun shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da yake rubuto wasiƙa ya ba direban a-kori-kura ya kawo mini. Kunnensa ya daɗe da yin nauyi, don haka ba ma waya. Da imel ya zo ya koya, amma salonsa bai canja ba: gaisuwa, jerin kayan da suka ƙare, sai layi ɗaya a ƙarshe game da kansa. "An yi mini jika." "Ƙafar ta yi sauƙi." Wannan layin nake fara karantawa.

Wata huɗu da suka wuce na rufe imel ɗin kowa, na tara mu kan na'ura ɗaya da ake kira saba. Saƙo ɗaya, duk ma'aikata su gani. Jerin kaya ɗaya, kowa ya gyara. Aiki ya yi sauri, ba na musu. Amma Malam Iro ya koma rubuta kalma biyu ko uku, daga baya ya yi shiru, mijin 'yarsa da ke aiki tare da shi ya riƙa amsawa. Na ɗauka taurin kai ne.

Damina ta yi kyau, gero ya kai ƙugu a gefen hanya. Ramukan kwalta kuwa sun cika da ruwa, direba yana kewaye su kamar mai tsoron taka kabari. Mun tsaya mun sha koko. Ƙosan da a da ake cika mana kwano da sule biyu, yanzu ƙirga shi ake yi a tafin hannu. Mai na'ura, wato wanda ya haɗa mana tsarin, ya ce ko ƙosan ma a saba ya kamata a sa shi, kowa ya gani ya ƙoshi.

A shagon Kurfi surukin muka tarar.

"Ina Malam?"

"Baba yana gida, Wurma, Alhaji. Ya kwana biyu."

"Me ya same shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Bai faɗa mini ba. Ni kuma ba zan iya tambaya ba."

Hanyar Wurma ta yi laka, da ƙyar mota ta kai. Na same shi a zaure kan tabarma, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa na matsa kusa da kunnensa.

"Iro, wata nawa?"

"Uku."

"Ka kasa rubuto mini layi ɗaya?"

"Na rubuta, Alhaji. Sau biyu ina rubutawa ina gogewa. Ka tara mu wuri ɗaya, har da surukina. A gabansa zan ce fitsari ya gagare ni?"

Mai na'ura ya durƙusa ya ce akwai wurin aika saƙo ga mutum ɗaya kaɗai, ya nuna musu ranar koyarwa.

"Ka nuna, ɗana. Amma ka ce kome yana ajiye wuri ɗaya. Abin da ke ajiye wuri ɗaya, wata rana wani zai buɗe."

Takardar sallamarsa tana aljihuna, na ji kamar garwashi na ɗauko.

Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Katsina. Likita ya duba shi, ya kira ni gefe, ya tambaye ni me ya sa aka daɗe haka. Aka ba shi gado.

Mun iso Dutsin-Ma dab da magariba. Ban kashe sabar ba, aiki na buƙatarta. Abin da na koya shi ne, ranar da layin ƙarshen nan ya ɓace ya kamata in hau hanya. Wata uku na zauna ina jin haushin mutum, ga shi tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Da na huta na rubuta masa wasiƙa da hannuna, na ba direba. Jiya amsa ta zo. Hannunsa ba ya riƙe biro yanzu, surukin ya rubuta masa. Na tsallake gaisuwar na duba ƙasan takardar. Babu kome a wurin.