Injin jirgin da ruwa ya tono a Dumega

A shekarun da abin nan ya faru ni matashi ne mai sudur a Dogon Dutsi, ina yanka ƙarfe ina liƙawa, ina ganin babu ƙarfen da ya gagari wutata. Hannuna ya iya aiki, amma ba na sauraren kowa, balle tsofaffi.

Wata damina ruwa ya ci gefen kwari a gonar kawuna kusa da Dumega, ya tono wani ƙaton ƙarfe. Mutanen ƙauyen suka ƙi matsawa kusa, wasu na cewa ajiyar doguwa ce. Na yi musu dariya, na samo amalanke, mu shida muka ɗora shi da ƙyar, na kai shi garejina don in yanyanka in sayar. Zagayayye ne, tsatsa da laka sun rufe shi, bayansa kuma ya yi farin gari kamar toka.

Akwai wani dattijo maƙwabcin garejin da ya yi aikin gyaran jiragen sama a Yamai kafin ya yi ritaya. Da ya hango ƙarfen sai ya taso da sandarsa, ya karɓi buroshi, ya durƙusa ya yi ta gogewa har rigarsa ta yi ja. Ya ƙirga silinda tara a da'ira, kowace da ramin buji biyu, wato fulogin da ke kunna wutar inji. Ya ce mini mota ba ta da haka, jirgi ake yi wa, don in buji ɗaya ta mutu a sama ɗayar ta riƙe, kuma wannan irin na zamanin yaƙin Turawa na biyu ne. Sannan ya dafa farin gefen nan, ya roƙe ni kada in kai masa wuta, wai ƙarfe ne da in ya kama wuta, ruwa ba ya kashe shi. Na ce to Baba, na ji. A raina kuwa cewa nake tsufa ne ke damunsa, ina aka taɓa ganin ƙarfe ya ci wuta?

Washegari da hantsi na kunna wutar yanka, na ɗora a daidai wurin. Wani farin haske ya tashi, na daina gani. A gigice na laluba bokitin ruwa na watsa, sai wutar ta fashe ta kama hannun rigata. Ina ihu na ji muryar dattijon yana cewa a bar ruwa, a kawo busasshen yashi. Shi ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe mini hannu, shi ya ja kwalaben gas ya fitar da su, mutumin da ko tafiya sai da sanda. Da sun fashe, da layinmu duka ya tafi.

Na yi mako uku a gadon likita. Kullum sai ya zo da furar da iyalinsa ta dama, kuma bai taɓa tuna mini ya gargaɗe ni ba. Wannan ya fi ƙunar yi mini ciwo. Shi ya yi wa jandarmomi bayani cewa injin jirgin yaƙi ne, ya raka su gonar, suka tono tsofaffin harsasai masu tsatsa a inda mata ke ɗibar laka, suka kwashe.

Idona ya dawo, Alhamdulillahi, hannun ne ya rage da tabo, yatsu biyu ba sa lanƙwasa. Dattijon ya rasu bara, ban gama gode masa ba, Allah ya jiƙansa. Na gane cewa iya riƙe wuta daban, sanin abin da za ka kai mata daban. Ƴan'uwana masu sudur da manoma, in ƙasa ta fito muku da ƙarfen da ba ku sani ba, kada ku buga, kada ku ƙona, ku sanar da hukuma. In kuma wanda ya sani ya ce ku dakata, don Allah ku dakata.