Kyandir a Ƙarƙashin Fuskar Herminia

Herminia Galván maƙwabciyata ce a unguwar Boyle Heights da ke Amurka, guga take yi a wani shagon wanki. Ita kaɗai take zaune. Ɗanta guda yana Texas, sai ya ga dama yake kiranta.

Tana 'yar shekara sha bakwai wani mai zane, Rosendo, ya zana ta a bangon gidan burodi: gira siririya kamar zare, baƙin jambaki, rigar maza da maɓallin wuya kaɗai a ɓalle, ta jingina da irin motocin samarinmu masu jan ciki a ƙasa. Uwarta ta ce ta zubar musu da mutunci, ita ko a jikinta. In ta je Meziko dangi su yi wa Sifaniyancinta dariya, su kira ta Ba'amurkiya. A makaranta kuma a ce ta koma ƙasarsu. Bangon nan ne kaɗai bai taɓa tambayarta 'yar ina ce ba.

Rosendo ya rasu, ƙawayenta suka watse, baƙi suka cika layin. Mu kuwa a unguwar nan, in ka ga fuska a bango, yawanci mai ita ya mutu. Da bikin tunawa da matattu ya zo, sai ga kyandir da furanni a ƙarƙashin zanen. Har an ƙaga labari wai harbe yarinyar aka yi. Raina ya ɓaci, na ja ta muka je don ta ƙaryata su.

Muka tarar da wata matar aure tana jera furanni. Herminia ta tsaya da furfurarta, ta nuna bangon, a hankali ta ce ita ce wannan.

Matar ta dubi bangon, ta dube ta, idonta ya cika da tausayi, ta kira ta Doña, kiran girmamawa ga dattijuwa. "Allah sarki, Doña, 'yarki ce? Allah ya ji ƙanta."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, Herminia ta matse mini hannu. Da kunnena na ji ta ce amin.

A hanya na yi ta faɗa, na ce da ranta ta bari an binne ta. Tausayinta ne ya cika ni, shi ya sa nake masifa. Ta bar ni na gama.

"Ƙawata, ƙyale su," in ji ta. "Yaushe rabon da wani ya kawo mini fure?"

Yanzu kowace safiya, kafin ta tafi guga, ita ke share gindin bangon. Furen da ya fara bushewa ta kai gida ta sa a kwalba.